Gwaggo Asabe da Koren Dutsenta

Duk macen da ta taɓa miƙa wa Gwaggo Asabe hannu da niyyar gaisuwa ta san ba hannun take so ba. Abin da ke wuyan hannun take nema. Kina cewa "Mama, ina kwana," ta riga ta cafke ki, ta jawo hannunki har fuskarta, ta manna awarwaronki a kumatunta, ta lumshe ido kamar mai jin daɗin wa'azi. In kuwa sarƙa ce, to wuyanki ne zai je wurinta, ko kin so ko ba ki so ba. Can sai ta buɗe ido, ta sake ki, ta yanke hukunci da kalma ɗaya:

"Kwalba."

Daga nan ne za ta tuna ta amsa gaisuwar. "Lafiya lau, 'yata. Ya yara?"

Ku da kuke dariya a can baya, na san da ƙyar a samu wadda ba ta sha wannan ba. Ni Ishaya na fi ku shan wuya, domin yayar babana ce, kuma a gidanta na Hanwa na tashi tun bayan rasuwar mamata. Malamar firamare ce a Sabon Gari, ta yi shekara da shekaru tana rabon sifili da jan biro. Da ta yi ritaya ta rasa wanda za ta ba, sai ta koma kan kayan adon matan mutane.

Wanda ya jawo mana wannan masifa kuwa ga shi can zaune yana sunkuyar da kai: ɗanta Bulus. Shi ne ya je Caina sarin kayan janareta, maimakon ya kawo wa uwarsa atamfa kamar 'ya'yan kirki, sai ya dawo mata da wani koren awarwaro. Ya ce wai dutse ne, sunansa jed, mutanen can suna girmama shi fiye da zinariya. Awarwaron na siririyar mace ne, hannun Gwaggo kuwa hannu ne da ya saba tuƙa tuwon gida guda. Sai da aka haɗa da sabulu, da man gyaɗa, da leda, da maƙwabta, ana ja tana salati irin nata, "Yesu! Yesu!", kafin ya wuce. Da ya shiga kuwa ya shiga ke nan. Bai ƙara fita ba.

Tun daga ranar Gwaggo ta zama ƙwararriya. Ta yini a kan waya tana kallon 'yan Caina suna jujjuya duwatsu suna surutu da yarensu, ita kuma tana gyaɗa kai tana cewa "Haka ne. Ƙwarai kuwa."

Na ce, "Gwaggo, kina jin abin da suke faɗa ne?"

Ta ce, "Kai da kake jin Turanci, me ya ƙare ka da shi?"

Ban sake tambaya ba.

Wadda ta fara shiga hannunta a bainar jama'a ita ce Maman Pasto, matar fastonmu. Wata Lahadi baiwar Allah ta zo coci da sabon awarwaro kore shar, ƙanwarta ta aiko mata daga Abuja. Tun ana waƙar buɗe sujada na ga Gwaggo ta daina kallon littafin waƙa. Ana tashi, kafin Maman Pasto ta kai bakin ƙofa, ta tare ta. Ta kama hannun, ta manna, ta lumshe ido. Mata suka taru.

"Ya ɗumama," in ji Gwaggo. "Tun ban gama rufe ido ba ya ɗumama. Na gaske yana da girman kai, ba ya saurin sabawa da jikin mutum, sai ya daɗe yana sanyinsa. Wannan kwalba ce."

Maman Pasto ta yi murmushin dole. "Haba Mama Asabe, daga babban kanti aka sayo shi fa."

"Ban ce daga ƙaramin kanti aka sayo ba. Na ce kwalba ce. Kuma na san irin kwalbar. Ba irin wadda ake shigowa da ita gidan Ubangiji ba ce."

Wata daga cikin matan, don neman magana, ta ce, "Mama, ke kuma ina kika san wannan kwalbar?"

Gwaggo ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Ni da na yi zaman aure da marigayi?"

Allah ya ji ƙan Kawu mijinta, ko a kabari bai huta ba. Maman Pasto ba ta ƙara sa awarwaron ba, kuma na lura daga lokacin duk sanda za ta gaisa da Gwaggo, da dogon hannun riga take zuwa.

To bari in zo kan nawa.

A lokacin ina da ɗan shagon hoton takardu a Samaru, kusa da inda 'yan keke suke tsayawa. Akwai wata ɗaliba, Hannatu, da take kawo mini aiki. Na yi wata da watanni ina sonta ban iya furtawa ba. In ta shigo, sai in yi ta bayani a kan tawada da tsadar man janareta har ta tafi. Da ta kusa gama karatu hankalina ya tashi, domin na san tana rubuta jarrabawar ƙarshe za ta koma garinsu, shi ke nan na rasa ta. Sai na yanke shawara in saya mata kyauta, kyautar ta yi maganar da bakina ya kasa. Na taɓa jin ta ce tana son kore. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ai akwai masaniya a gida.

Na samu Gwaggo tana tsince wake. Na zagaya, na zagaya, na ce, "Gwaggo, in mutum bai san komai a kan jed ba, kuma yana so ya saya wa wani, me zai fara dubawa?"

Ba ta ɗago ba. "Wani ko wata?"

"Wata."

"Me kake so ka saya mata?"

"Awarwaro, irin naki."

Sai ta ajiye faifan. "Ka san faɗin hannunta?"

"A'a."

"Ka taɓa riƙe hannun?"

"Haba Gwaggo!"

"To kai wane irin shashasha ne? Awarwaron dutse ba ya buɗewa, ba ya lanƙwasa. In ya yi mata kaɗan ka zage ta, in ya yi mata yawa ya faɗi ya fashe. Kuma ba a ba kowace mace. Akwai mai wanke-wanke tana buga hannu a siminti. Akwai mai tafa hannu in tana gulma. 'Yar waye? A ina take?"

Ni da wautata na faɗa mata sunan yarinyar da gidan hayar ɗalibai da take zaune. Na ɗauka hira muke.

Washegari ina shago sai ga Hannatu ta shigo, babu takarda a hannunta. Ta tsaya ta harɗe hannuwa, fuskar nan tana neman yin dariya tana dannewa.

"Ishaya, wata mama ta zo ɗakinmu yau."

Na yi kamar ina gyara takardu a inji.

"Ta zo da zare. Ta auna hannuna. Ta tambaye ni ko ina daka, ko ina wanki a kan dutse, ko ina da saurin fushi. Ta buɗe tukunyata ta duba. Ta ɗauki 'yan kunnen ƙawata ta ce kwalba ne."

Na ce, "Ayya. Tsufa ne."

"Na ce mata, Mama, duk wannan na mene ne? Ta ce, 'Au, wannan sokon bai faɗa miki ba? Aurenki yake so. Yana can yana ramewa a bayan inji.'"

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na tsaya riƙe da takardun wani, injin yana ta fitar da shafi ɗaya yana maimaitawa, ban iya kashe shi ba. Hannatu ta dube ni ta ce, "To? Gaskiya ta faɗa, ko tsufan ne?"

Na ce, "Gaskiya ne."

Ta ce, "Da ka bari sai na tafi?"

Abin da muka yi ke nan a matsayin neman aure. Da na koma gida ina huci, na ce, "Gwaggo, kin kunyata ni!" Ta ce, "Na auna. Hannunta siriri ne amma tana da rawar kai, za ta fasa awarwaro kafin Kirsimeti. Sarƙa za mu saya, mai ɗan dutse ɗaya. Mai koyo da ƙarami yake farawa. Gobe ka shirya."

Ban taɓa shiga kasuwar Sabon Gari da Gwaggo ba sai ranar, kuma ban sake ba. Muna shiga layin masu kayan ado na ji wani ya yi fito. Kafin ka ce me, duk wani abu kore ya ɓace daga kan tebura. Har mai sayar da kofunan roba na ga ya tura nasa ƙarƙashin benci.

Muka tsaya a shagon Oga Uche. Kun san shi, haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa. Yana ganin ta ya dafe kai.

"Mama, don Allah yau ban yi ciniki ba tukuna."

"Ciniki na kawo maka. Fito da su."

Ya fito da tiren duwatsun sarƙa yana kallona kamar ni na kashe masa uba. Gwaggo ta buɗe jaka ta jera kayan aikinta a kan teburinsa: cokalin shayi, 'yar tocila, allura, da ashana. Ta ɗauki na farko, wani kore mai ƙyalli wanda ni tun daga nesa shi ya tafi da ni.

"Gwaggo, wannan ya yi kyau."

"Shi ya sa. Duba shi. Kore ɗaya tun daga sama har ƙasa, kamar fentin ƙofar makaranta. Allah ba ya halitta haka. Na gaske sai ka ga nan ya yi duhu, nan ya yi haske, kamar hadari. Duk abin da ya burge ka, ajiye shi, idonka bai waye ba."

Ta ɗauki na biyu ta haska masa tocila. "Zo ka gani. Ka ga 'yan kumfa a ciki? Dutse yana numfashi ne da zai yi kumfa? Kwalba." Na uku ta auna shi a tafin hannu ta ce ba shi da nauyi, ta ƙyasta ashana ta gasa bakin allura za ta soka masa. Oga Uche ya yi tsalle ya riƙe tiren.

"Mama, abeg! Na yarda, roba ne! Kar ki huda mini kaya!"

"To me ya sa ka haɗa shi da sauran?"

"Ai ba kowa ne ke zuwa da allura ba."

Sai ta hango wani awarwaro a gefe, wanda ba ma shi muka zo saya ba. Ta rataye shi a zare ta ce in kasa kunne, wai na gaske in an ƙwanƙwasa shi yana ƙara siririya mai daɗewa, kamar ƙararrawar coci daga nesa. Ta ɗaga cokali. Ni dai na ga irin ɗagawar, na san ba ƙwanƙwasawa ba ce, dukan ɗan aji uku ne. Ƙwas! Awarwaro ya rabu, rabi a tebur, rabi a kwata.

Oga Uche ya leƙa kwata yana neman rabin kayansa.

Gwaggo ta mayar da cokalinta jaka a natse. "Ka gani? Da wata ka sayar wa, da ta dawo ta yi maka rashin mutunci. Na rufa maka asiri. Ba sai ka gode ba."

Ni na koma daga baya na ba shi haƙuri yadda ya kamata, kar ku tambaye ni.

A ƙarshe, bayan ta gama zubar da mutuncin duk abin da ke shagon, sai ta tono wani ɗan mitsitsin dutse daga ƙasan tire. Ba ƙyalli, ba kyan gani, launinsa kamar miyar kuka da aka tsinka da ruwa. Ta manna a kumatu ta daɗe. Ta buɗe ido ta ce, "Wannan dai... ba laifi." A bakin Gwaggo, "ba laifi" ya fi lambar yabo.

Na kai wa Hannatu a 'yar kwali. Ta buɗe, ta juya shi, ta ce, "Ishaya, wannan ba guntun sabulun wanka ba ne?" Amma ta juya mini baya ta ɗage gashinta ta ce in ɗaura mata. Ga ta nan zaune da 'ya'yanmu, ku duba wuyanta. Na taɓa cewa mu kai a gwada mana shi a wurin masana, ta ce in na kuskura in nemi inda zan ci tuwo.

Sai kuma shekarar da keke ya kifar da Gwaggo a hanyar Samaru, ta karye a hannu. Wanne hannun? Mai awarwaron mana. Aka kai ta asibiti, hannu ya fara kumbura, likita ya duba ya ce dole a fasa wannan abin kafin ya datse mata jini.

"A fasa me?"

"Awarwaron, Mama."

"Ɗana, shekarunka nawa?"

"Mama, ba maganar shekaru ba ce. In muka bar shi za ki iya rasa hannun."

"To hannu ai biyu ne. Wannan kuwa ɗaya ne a duk Zariya."

Muka yi roƙo, Pasto ya zo ya yi addu'a, Bulus ya kira daga Legas yana cewa zai sayo mata wani. Ta ce ko zai sayo mata Caina gaba ɗaya ba za a taɓa shi ba. Wata nas mai haƙuri ce ta yi dabara, ta ɗaga hannun sama ta yi ta sa ƙanƙara har kumburin ya sauka, aka yi mata allurar barci aka gyara ƙashin, aka naɗe shi da awarwaron a wurinsa. Tana farfaɗowa, kafin ta tambayi inda take, ta laluba ta ji yana nan. Sai ta dubi nas ɗin, ta dubi 'yan kunnenta, ta ce da muryar maye, "Ke mutuniyar kirki ce. Amma wannan kwalba ne."

Abin da keke da likita suka kasa, taron zumuntar mata ne ya yi shi. Ana gardama a kan launin ankon bikin girbi, Gwaggo tana son kore, sauran suna son ruwan goro. Da ta ga za a kayar da ita, ta miƙe ta daki tebur. Sai ji aka yi ƙwal. Awarwaron da ya yi shekaru a hannunta ya tarwatse a gaban kowa.

Can sai Maman Pasto ta sunkuya a hankali ta ɗauki guntu ɗaya. Baiwar Allah ta daɗe tana jiran wannan rana. Ta juya shi, ta ɗaga shi wajen taga, ta ce cikin murya mai taushi irin ta matan fastoci:

"Mama Asabe... cikinsa fa fari ne fat. Koren a baya kawai ya tsaya. Kamar rini."

Aka miƙa wa Gwaggo. Ta duba. Ta sake dubawa. Matan da suka sha "kwalba" shekara da shekaru duk suka gyara zama.

Gwaggo ta ajiye guntun, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Ba nawa ba ne."

"Kamar yaya, Mama?"

"A asibiti aka musanya mini. Lokacin da suka sa ni barci."

Da labari ya iso gida na ce, "Gwaggo, tsakani da Allah, abin da ba ya fita daga hannunki ko da sabulu? Ga karaya, ga kumburi. Ta yaya za su cire shi su sa wani?"

Ta ce, "Shi ya sa nake gaya maka ƙwararru ne."

Na kira Bulus a gabanta na sa a lasifika. Na ce, "Yaya Bulus, wai a wane shago ka sayi awarwaron nan?" Sai ya fara, "Halo? Halo? Ishaya, ba na jin ka," alhali muna jin rediyon motarsa tar. Bulus, yau ga dangi sun taru, ita kuma ba ta nan balle ta mare ka. A filin jirgi ka saya ko a bakin titi? Kun gani, har yanzu sabis bai dawo ba.

Kun ɗauka wannan zai sa ta daina? Lahadin da ta biyo baya tana bakin ƙofar coci, hannu ba komai, tana jiran matan mutane. Cewa ta yi yanzu ma ta fi ƙwarewa, tunda ta ga yadda ɓarayi suke aiki.

Ranar jana'izarta na hango Oga Uche a bayan taro da baƙar riga, shi da wasu 'yan layinsu. Na je na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ishaya, yau ce rana ta farko da zan iya baje kayana ba tsoro. Na je shagon da safe, na sa makulli, na kasa buɗewa." Sai ya juya yana share ido da hularsa.

Ni abin da na kasa sabawa da shi shi ne yammacin Lahadi. A lokacin ne take kira, ba sallama ba gaisuwa, ta ce, "Kai, na tuƙa tuwo da yawa, ko ka zo ko in ba kare." Gidan ba kare. Tun ina yaro marar uwa take tuƙa tuwon nan da yawa, kullum wai kuskure ne, kuma ba ta taɓa bari na ce na gode ba.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Asabe ta zo gare ka. Bakinta da kaifi, ka fi mu sani, amma ba ta taɓa barin maraya ya kwana da yunwa ba. Ka gafarta mata, ka ba ta hutawa a wurinka, ka ta'azantar da mu da ta bari. Amin.